Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Muhalli: A Bai Wa Itatuwan Gida Gurbi A Cikin Birane

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da ya ɗora maka, na rubuto ne game da dashen itatuwa da ƙawata birane da tsirrai, aikin da ma'aikatarka take zuba wa kuɗi da ƙarfi duk shekara idan damina ta kama. Ba ni da shakka a kan kyakkyawar niyyar da ke bayan wannan aiki. Abin da nake so in jawo hankalinka gare shi shi ne irin abin da ake dasawa, domin a ganina a nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika waiwaya ba a ranar bikin dashe, lokacin da hankalin kowa yake kan yawan dashen da aka raba.

Bukatar ba ta neman dogon bayani. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma ana hasashen adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafin rana da yini, su amayar da shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni take fin gefensa zafi ko da rana ta faɗi. Birnin Medelin na ƙasar Kolombiya ya fara wani shiri a 2016 na shimfiɗa korayen layuka 30 a gefen tituna da magudanan ruwa, kuma hukumomin birnin sun bayar da rahoton saukar zafi da kusan digiri 2 cikin 'yan shekaru. Saboda haka inuwa ba kwalliya ba ce, tana cikin abubuwan da lafiyar mazauna birni ta rataya a kansu.

Sai dai, ranka ya daɗe, duk wanda ya bi sababbin tituna da harabobin ofisoshi a birane da dama na yankunan da ruwa yake da wuya zai ga abu iri ɗaya. Zai ga wata doguwar bishiya siririya, 'yar asalin Indiya, mai ganye a sunkuye, an jera ta a jikin katanga, wadda ko yaro ba zai iya fakewa a inuwarta da tsakar rana ba. Zai ga shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado a shataletale, wadda sai tankar ruwa ta zo safe da yamma take rayuwa, ranar da kuɗin man tankar ya yanke kuwa, ba a mako biyu ta koma ƙura. Can a bayan gari, inda ginin bai kai ba tukuna, maɗaci da tsamiya da marke da kanya da aduwa suna tsaye shekara da shekaru babu wanda ya taɓa ba su ko bokiti guda, amma da zarar an yanka filaye su ne farkon abin da gatari yake ci, domin a idon mai zanen wurin waɗannan itatuwan daji ne, ba su dace da birni ba.

Wannan raini ba a wuri guda ya tsaya ba. Roberto Burle Marx, mutumin Birazil da ya shahara a duniya wajen tsara lambuna, sai da ya je Jamus a 1928 ya shiga lambun nazarin tsirrai na Dahlem a Berlin, sannan ya ga tsirran ƙasarsa a cikin ɗakunan gilashi ana tattalinsu, alhali a gida masu hali furannin Turai suke shukawa suna kallon nasu a matsayin ciyayi. Da ya koma, da tsirran Birazil ya gina sunansa, har da babban wurin shaƙatawa na Flamengo a Rio de Janeiro. Afirka ta Kudu kuwa tun a 1913 ta kafa lambun Kirstenbosch domin tsirran ƙasar kaɗai. Kyau dai yana nan a gida, ido ne yake bukatar a koya masa gani.

Dalilin fifita ɗan gida ba son kai ba ne. Itacen da ya samo asali a wuri ya riga ya daidaita rayuwarsa da ruwan wurin da ranin wurin da ƙasar wurin tun kafin a kafa birnin. A ɗauki gawo: tun yana ƙaramin tsiro yake tura uwar saiwarsa can ƙasa neman danshi kafin ya damu da tsawo, kuma idan ya girma yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, wato daidai lokacin da mutum da dabba suka fi bukatar inuwa. Babu injiniyan da zai iya zana wa titi abin da ya fi wannan dacewa.

Akwai kuma abin da ba a gani daga cikin mota. Yawancin ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya cin kowane ganye, sai na tsirran da suka taso tare da su, kuma da tsutsotsin waɗannan ƙwari ne ƙananan tsuntsaye suke ciyar da 'ya'yansu. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a gidajen birnin Washington na Amurka, ya gano cewa wani ɗan ƙaramin tsuntsu na yankin ba ya iya hayayyafar da za ta riƙe yawansa sai a unguwannin da baƙin tsirrai ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin ɓaure lokacin da ya yi 'ya'ya ya san abin da ake nufi: sama cike da kukan tsuntsaye, da magariba jemagu su karɓa, a cikin kowane ɗan ɓaure kuma akwai wani mitsitsin ƙwaro wanda shi ne yake yi masa barbara, kuma shi ma ba ya iya haihuwa sai a cikinsa. Layin baƙin itatuwa yana iya yin kore, amma sau da yawa shiru za ka ji a cikinsa.

Baƙon iri kuma yana iya zama masifa, kuma ƙasashen da suka ɗanɗana sun biya da tsada. A shekarun 1970 da 1980 an baza wata bishiya mai ƙaya 'yar nahiyar Amurka, furosofis, a busassun yankunan Kenya domin a tare hamada a samu makamashi. Ta kama fiye da yadda aka so, ta cinye makiyaya, ta toshe hanyoyin ruwa, zaƙin 'ya'yanta kuma ya riƙa ruɓar da haƙoran awaki, har a 2006 mutanen Ilchamus na yankin Baringo suka ja akuya mai wawulo zuwa kotu a Nairobi a matsayin shaida. Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da wani shiri na musamman a 1995 domin sare baƙin itatuwan da ke shanye mata ruwan koguna, kuma har yau ba a gama ba. A 2023 jihar Gujarat ta Indiya ta haramta reno da dashen konokafus, itacen nan mai saurin girma da ake ta rububi a ƙasashe masu zafi, saboda abin da hukumomin jihar suka ce saiwarsa tana yi wa magudanai da ruwan ƙasa, da kuma abin da ƙurar furensa take jawo wa numfashi. Duk waɗannan da kyakkyawar niyya aka shigo da su, kuma abin da ya ja hankali a kansu shi ne saurin girma.

Ba ina cewa a tayar wa kowane baƙo ba ne. Darbejiya daga yankin Indiya ta zo, kuma garuruwa da yawa ba su da wata inuwa sai tata, don haka wanda ya ce a sare ta bai san zafin rana ba. Haka nan ba kowane ɗan gida ne ya dace da kowane wuri ba: gamji da cediya suna da saiwar da ke tsaga katanga da kwalbati, sai a fili mai faɗi, kuka tana son sarari, kaɗanya kuma tana da nawar girma ƙwarai. Ko ɗan gidan ma bai kamata a cika gari da iri guda ba. Biranen Amurka da dama sun jera itacen ash a titunansu bayan wata cuta ta kashe musu itatuwan elm, sai ga wani ƙwaro daga gabashin Asiya da aka gano a jihar Michigan a 2002 ya hallaka miliyoyin itatuwan ash ɗin. Tun a 1990 wani masanin itatuwa, Frank Santamour, ya ba da shawarar kada iri guda ya wuce kashi 10 cikin ɗari na itatuwan birni, dangi na kusa kada su wuce kashi 20, babban dangi kuma kashi 30. Ƙa'ida ce mai sauƙin rubutawa a takardar aiki.

A nan ne na zo ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ba a ranar dashe ake yanke shawarar abin da za a dasa ba, an riga an yanke ta wata shida kafin nan a gandun renon tsirrai, an kuma sa mata hannu a takardar kwangila. Ɗan kwangilar da aka ce ya kawo dashe dubu kaza, ba tare da an faɗi iri ba, zai sayi wanda ya fi araha ya fi samuwa, mai gandu kuma ba zai ɓata ledarsa a kan maɗaci ko ƙirya ba matuƙar bai san akwai mai saye ba. Renon itatuwan gida yana da nasa sani. Irin bagaruwa da gawo da ɗorawa ɓawonsa tauri gare shi, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefensa kafin ya tsiro da wuri. Irin maɗaci da na kaɗanya ba sa jure ajiya, dole a shuka su ba da daɗewa ba bayan an tsince su. Masu doguwar saiwa kuma idan suka daɗe a gajeriyar leda sai saiwar ta naɗe a gindi kamar gammo, a dasa itacen ya yi shekara uku yana fama, iska ta zo ta kwantar da shi, sannan a ce ai irin ne ba ya yi a birni. Duk wannan ilimi yana nan a wurin ma'aikatan gandun daji da tsofaffin manoma, ba a dai tambayarsu ne.

Don haka roƙona shi ne ma'aikatarka ta fitar da jerin itatuwa da tsirran asali na kowane yanki, a bayyana wanda ya dace da gefen titi, da na makaranta, da na bakin rafi, sannan a wajabta cewa kaso mafi rinjaye na duk dashen da za a yi da kuɗin gwamnati daga wannan jeri zai fito. A sanar da masu gandu tun da rani abin da za a saya da damina, domin su samu ƙarfin gwiwar tara iri. Sannan a daina biyan ɗan kwangila dukan kuɗinsa a ranar da ya sa dashe a rami. A riƙe wani kaso sai bayan rani biyu ko uku, a je a ƙirga masu rai, a biya shi a kansu. Ranar da aka fara haka, shi da kansa zai nemi irin da ba ya mutuwa, zai haƙa rami mai zurfi, zai jira ƙasa ta sha ruwa kafin ya dasa, zai kuma kewaye kowane dashe don kada awaki su cinye shi, ba sai an aika masa da mai duba aiki ba.

Batun ciyawar ado ma yana son a sake dubawa. Jihar Nevada ta Amurka, wadda ba ta rasa kuɗi ba, ta kafa doka a 2021 da za ta hana shayar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai kallo da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas, daga farkon 2027. Idan masu wadata sun ga abin ya fi ƙarfinsu, ban ga dalilin da zai sa birnin da mutanensa ke layin ruwa ya ci gaba da shayar da shataletale ba. Kariya tana fure mai ɗaukar ido a tsakiyar rani ba tare da ta nemi ruwa ba, gamba da jema suna riƙe ƙasa a bakin kwata su hana zaizaya, sabara da geza da kargo kuma suna iya zama shinge idan aka yi musu aski.

Abu mafi araha duka shi ne a bar abin da yake tsaye. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga farkon shekarun 1980, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka koma tattalin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture maimakon sabon dashe, suna rage rassan su bar masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Filayen makarantu da maƙabartu da gefen layin dogo da sababbin unguwanni cike suke da irin waɗannan kututture masu rai. Ya kamata a ce kafin a amince da taswirar kowace sabuwar unguwa an ƙirga manyan itatuwan da ke wurin an sa musu lamba, a karkatar da titi ko a matsar da gini inda hakan zai yiwu, domin tsamiyar da ta shekara tamanin ba a maye gurbinta da dashe goma a cikin leda.

Ranka ya daɗe, tara iri da reno suna cin watanni kafin ruwan farko ya sauka, saboda haka idan ana son a ga bambanci a damina mai zuwa, jerin itatuwan da sabon sharaɗin kwangilar suna bukatar sa hannunka tun kafin rani ya yi nisa.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai sha'awar aikin lambu