Wariya kan wariya: marasa lafiyar da ke gudun asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mu yi magana kan wasu bayin Allah da ake kunyar ambata: waɗanda aka haifa da jikin mace amma suke jin kansu maza, suke rayuwa a matsayin maza. Ba mata-maza ba ne, nasu al'amarin daban. Hukuncin addini na malamai ne. Mu fanninmu lafiya, kuma a nan muke ganin ɓarnar.

A 1989 masaniyar shari'a 'yar Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta nuna yadda wariya iri biyu ke haɗuwa a kan mutum guda har ta fi kowacce nauyi. Ta kafa hujja da ƙarar da wasu mata baƙar fata suka kai kamfanin General Motors, inda a 1976 kotu ta ƙi haɗa ƙorafin launi da na jinsi. Kamfanin na ɗaukar mata, amma farare, yana ɗaukar baƙaƙe, amma maza. Matan suka faɗa tsakiya.

Haka waɗannan mutane suke a Sakkwato. A gida ana yi musu abin da ake yi wa 'ya mace marar gata: duka, cirewa daga makaranta, auren dole wai don su gyaru. A waje kuma 'yan damfara na tsorata su da dokar hana auren jinsi ta 2014, mai ɗaurin shekara 14, don su tatse su. Katin ɗan ƙasa ya ce mace, fuska da murya sun ce namiji, sai neman aiki da buɗe asusun banki su gagara. Duk wannan a jihar da binciken Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya nuna kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta na cikin talauci.

Sakamakon a jiki yake bayyana. Da yawa suna ɗaure ƙirji da bandeji ko salatif tun safe har dare. A zafin watan Afrilu wannan na kawo ƙuraje, gyambo a ƙarƙashin nono, ciwon haƙarƙari da wahalar numfashi. Kada ɗaurin ya wuce awa 8, kada a kwana da shi, kuma bandeji mai talewa ƙara matsewa yake yi da kowane numfashi. Wasu na sayen allurar testosterone, wato sinadarin da ke fito da siffofin maza kamar gemu da kaurin murya, ba tare da likita ba. Tana ƙara kaurin jini, shi ya sa dole a riƙa gwajin jini da awon hawan jini, musamman a shekarar farko. Amfani da sirinji ɗaya kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Abin da ya fi damunmu: ɗaukewar hailar da allurar ke kawowa ba ta hana ɗaukar ciki, kuma maganin na iya cutar da ɗan tayi. Mai mahaifa kuma yana buƙatar gwajin sankarar bakin mahaifa, ko da gemu gare shi.

Ga abokan aikinmu, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin duba mai buƙatar gaggawa a sashe na 20, ta wajabta riƙe sirrin majiyyaci a sashe na 26. A shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa. A tambaye shi magungunan da yake sha da ranar allurarsa ta ƙarshe, ba tare da gatse ba. Kada a kira abokan aiki su zo kallo, kada a ɗaga waya a ɗauki hoto. Wanda aka tozarta sau ɗaya ba ya dawowa sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Wassalam.
Wasu ma'aikatan lafiya, Sakkwato.