Zuwa ga Aminina a Jamus, kan Ƙasusuwan Mutanen Da

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Jamus bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonka cewa aiki ya mai da kai Dusseldorf. Ka san kuwa inda aka kai ka? Kwarin Neander yana gabas da garin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A can ne a 1856 masu fasa dutse suka tono ƙasusuwa a wani kogo: saman ƙoƙon kai mai ƙaton ƙashin gira, da ƙasusuwan cinya masu kauri. Daga sunan kwarin aka raɗa wa masu ƙasusuwan suna Niyandatal. Akwai gidan tarihi kusa da wurin. Don Allah ka keɓe wata Asabar ka je, gani ya kori ji, ka turo mini hotuna.

Ina roƙonka ne domin maganar ta shiga raina sosai. Waɗannan mutane ne, amma ba irinmu sak ba. Gajeru ne ƙaƙƙarfa, ƙwaƙwalwarsu ta kai tamu girma, wani sa'in har ta ɗara. Suna hura wuta, suna sassaƙa makamai da dutse, suna farautar manyan namun daji. Sun yi dubban ɗaruruwan shekaru a Turai da yammacin Asiya kafin su ɓace kimanin shekara 40,000 da suka wuce, bayan irinmu sun iso daga Afirka sun tarar da su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani da Ralph Solecki ya tono a kogon Shanidar, a arewacin Iraƙi, a 1957. Hannunsa na dama ya shanye, ƙasan hannun babu. An taɓa bugunsa a gefen hagu na fuska, bugun da ake ganin ya lalata masa ido. Ƙafarsa ma da rauni, ga alamar kurumta. Duk raunukan nan sun warke tun yana raye, kuma ya kai wajen shekara 40, wanda tsufa ne a wurinsu. Ka duba fa, mutum mai hannu ɗaya, ba ya gani sosai, ba ya ji sosai, a cikin duwatsun da namun daji ke yawo. Ba shi ya ciyar da kansa ba. Akwai wanda yake yanko masa nama, akwai wanda yake jiransa in ana tafiya. Tun da na san wannan na daina yarda a kira su dabbobi a gabana.

Sai kuma maganar jini. A 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa a Leipzig, nan ƙasar da kake, suka fitar da ƙwayoyin gado na Niyandatal daga tsofaffin ƙasusuwa, suka kwatanta da namu. Sai ga shi mutanen da asalinsu ba Afirka ba kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsu daga Niyandatal ya fito. Ma'ana an haɗu, an haihu, 'ya'yan sun rayu sun bar baya. Wannan aiki ne ya jawo wa Pääbo kyautar Nobel a 2022. A kogon Denisoba da ke Sibiriya, guntun ƙashin yatsa kaɗai ya isa aka gano wani jinsin dabam da aka raɗa wa sunan kogon, wanda gadonsa ya fi yawa a jikin mutanen Papuwa, kuma daga gare shi mutanen Tibet suka gaji abin da ke taimaka musu zama a kan tsaunuka masu ƙarancin iska. A kogon ne aka sami ƙashin wata yarinya, uwarta Niyandatal, ubanta Denisoba. A tsibirin Flores na Indonesiya kuwa, a 2003, an tono wasu da babbansu bai wuce tsawon yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin nan kamar na Turai da Asiya ne kawai. A 1965 Thurstan Shaw ya tono ƙwarangwal a Iwo Eleru, kusa da Akure. Shekarunsa wajen 13,000 ne kacal, amma da aka sake auna ƙoƙon kan a 2011 sai aka ga dogo ne, goshinsa a kwance, ya fi kama da na mutanen da suka girme shi da dubban shekaru masu yawa. Har yanzu masana na muhawara a kansa. A 2020 kuma wasu masu bincike a Amurka suka duba ƙwayoyin gadon Yarbawa da Mende na Saliyo, suka ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 19 cikin 100 ya fito ne daga wani tsohon jinsi da ba a taɓa gano ƙashinsa ba. Ka ji fa! Alamarsu tana jikin maƙwabtanmu, amma ƙasa ba ta nuna mana su ba tukuna.

Dalili ɗaya shi ne zafi da danshi da tsamin ƙasarmu suna cinye ƙashi, su lalata ƙwayoyin gado, alhali sanyin Sibiriya adanawa yake yi. Ɗaya dalilin kuwa namu ne: ba a tona ba. Muna da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kufena a gabanmu, ga Turunku, ga Nok a kudancin jihar nan. Amma irin wannan aiki kuɗi yake ci da haƙuri, su kuma masu fasa dutse ba sa jira. Duk sanda na ga tifa ɗauke da tsakuwa sai gabana ya faɗi, don ban da wani malamin makaranta da ya karɓi ƙasusuwan Neander ya duba, da sun bi tarkacen dutse.

Na san za ka tambaye ni batun addini, don na san halinka. Ni dai bai girgiza ni ba. Allah da kansa Ya ce a Suratul Ankabut mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Yadda za a daidaita wannan da ƙissar Annabi Adamu (AS) na bar wa malamai da suka fi ni sani. Abin da ba na so shi ne mu ƙi kallon ƙashin don tsoro, yaranmu su je su ji labarin daga bakin wanda zai ce musu sai dai su zaɓi ɗaya, ilimi ko imani.

In ka je, ka duba mini ko sun ambaci Iwo Eleru a wani ɓangare na gidan tarihin. Ka gai da Maman yara, ka shafa mini kan ƙananan. Su Hajiya ma suna gaisuwa, suna tambaya ko za ku zo Babbar Sallah.

Wassalam.

Naka,
Amininka na Zariya.