Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 daga Sakatariyar Ƙungiya

'Yan uwa, assalamu alaikum.

Shugaba ta so in fara da labari mai daɗi, amma na roƙi alfarmarta in fara da kuɗin wata-wata, domin duk wani aikin da za ku ga ya tsaya a cikin rahoton nan, daga nan matsalarsa ta samo asali. Waɗanda suka biya cikakke a bana ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Ni da Ma'aji mun kira waya, mun tura saƙo, mun sake turawa. Sai ka ga alamar an karanta, amma shiru kake ji. Masu uzuri na gaskiya sun zo sun faɗa, an ɗauke musu ba tare da kowa ya ji ba, kuma haka za a ci gaba da yi. Da waɗanda ba su biya ba, ba su zo ba, ba su ce uffan ba nake. Ba don in zama mai bin bashi na karɓi wannan aiki ba. Littafin Ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Zaman wata-wata ya gudana, in ban da na Agusta da aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta.

Abin da ya faranta mana rai a shekarar nan shi ne taron ƙarshen Oktoba, kuma ina so in tsaya a kansa, ko don waɗanda ba su samu zuwa ba su san abin da ya wuce su. Mun shirya shi ne don cika shekara 50 da ranar da matan ƙasar Aislan suka ajiye aiki. A ranar Juma'a, 24 ga Oktoba 1975, kusan kashi 90 cikin 100 na matan ƙasar suka ƙi zuwa ofis da masana'anta, suka kuma ajiye raino da aikin gida na yini guda. Makarantu da dama suka rufe, maza suka kwashi 'ya'ya zuwa wuraren aiki. A shekarar da ta biyo baya majalisar ƙasar ta yi dokar daidaito tsakanin maza da mata, a 1980 kuma aka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir, mace ta farko a duniya da jama'a suka zaɓa kai tsaye a matsayin shugabar ƙasa.

Kwamitin shirye-shirye ya ƙi yarda a yi lacca kawai a watse. Sai muka ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan, muka rubuta shekaru da abubuwan da suka faru a katuna, muka rarraba wa mahalarta, kowa ya je ya maƙala nasa inda ya dace. Niyu Zilan, 1893, ƙasa ta farko da mata suka samu 'yancin kaɗa ƙuri'a. Finlan, 1906, inda bayan shekara ɗaya mata 19 suka shiga majalisa. Amurka 1920, Faransa 1944. Wata ɗaliba da aka ba katin Suwizalan ta dawo mini da shi, ta ce, "Anti, an yi kuskure a nan, 1971 aka rubuta." Na ce mata ba kuskure ba ne, sai a shekarar ne matan ƙasar suka samu damar zaɓe a matakin tarayya. Ta tsaya tana kallon katin, can ta ce ashe kakarta ta girmi wannan 'yanci. Daga nan ne zauren ya ɗauki zafi, kowa na son ya ga abin da ke hannun na kusa da shi.

Aka ci gaba da maƙalawa: Sirimavo Bandaranaike, 1960, mace ta farko da ta zama firaminista, taron duniya kan mata da aka yi a Beijin a 1995, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1325 na shekarar 2000 kan shigar da mata cikin sasanta rikici, yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata a Afirka, Ruwanda, 2008, majalisa ta farko da mata suka fi rinjaye, Saudiyya, 2018, lokacin da aka ɗage wa mata haramcin tuƙi. Kati na ƙarshe na Afganistan ne, inda tun 2021 aka rufe wa 'yan mata ƙofar sakandare, a Disamban 2022 kuma aka haɗa da jami'a. Wadda ta riƙe shi ta rasa inda za ta sa. Bisa shekara wurinsa ƙarshen igiya, bisa abin da ke rubuce kuwa ya fi kama da farkonta. An daɗe ana muhawara a kan haka, kuma ni a ganina wannan muhawarar ta fi duk jawabin da muka tanada amfani, domin 'yan matan sun gani da idonsu cewa haƙƙin da aka samu ana iya ƙwace shi.

Sashe na biyu na taron shi ne wanda har yanzu ake kira na a kansa. Mun roƙi kowace mace ta rubuto ayyukan da ta yi a rana guda waɗanda ba a biyanta, daga tashi zuwa kwanciya. Ɗaya daga cikin iyayenmu ta miƙe da takardarta, ta karanta gaba, ta juya baya, muryarta na rawa. Da ta kai ƙarshe sai ta ce shekara da shekaru in an tambaye ta sana'arta, cewa take yi ba ta aikin komai. Ɗanta na cikin mazan da suka halarta, shi ne ya taso ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Ina godiya ta musamman ga mazan da suka zo suka zauna har aka tashi. Amma gaskiya ɗaya ce: mutum 6 ne suka ɗauki taron nan a kansu, daga neman zaure har kwashe kujeru, kuma da aljihunsu aka cike giɓin. Wasu da suka fi kowa yaɗa hotunan, ba mu ga ƙeyarsu ba sai da aka kammala shiri.

Sai batun fassarar CEDAW, yarjejeniyar kawar da duk wani nau'in wariya ga mata, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a ranar 18 ga Disamba 1979. Mun yi alkawarin fitar da ita cikin harshe mai sauƙi kafin ƙarshen shekara, ba mu fitar ba, kuma na ji ana cewa kwamitin ya yi barci. Bai yi ba. Yarjejeniyar na da sassa 30. An gama na ilimi, na aikin yi, na lafiya da na matan karkara, an duba su sau biyu. A sashe na 16 muka tsaya, wanda ya shafi aure da iyali. Shi da sashe na 2, wanda ya wajabta wa ƙasashe kawar da wariya a dokokinsu, suna cikin waɗanda ƙasashe suka fi gindaya sharaɗi a kansu lokacin da suke shiga yarjejeniyar, duk da cewa ƙasashe 189 ne a cikinta. Amurka ma ta sa hannu tun 1980 amma har yau majalisar dattawanta ba ta tabbatar ba. Sashen da gwamnatoci ke taka-tsantsan da shi haka, ba za mu fassara shi da ka ba. Kalma ɗaya ta karkace, sai a ce mun faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba, aikin shekara ya tafi a banza. Muna buƙatar masanin shari'a ya zauna da mu, muna buƙatar kuɗin bugawa, asusu kuwa kun ji halin da yake ciki. Mambobi 4 da suka karɓi sassa tun Maris har yau ba su dawo da ko layi ɗaya ba. Na sakaya sunayensu a wannan karon.

Gangamin kwana 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, shi ma bai kai yadda muka tsara ba. Ranar farko mun yi zama kan 'yan uwan juna mata uku na gidan Mirabal, waɗanda aka kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960 zamanin mulkin Trujillo, su ne dalilin ware ranar. Bayan nan sai jadawalin ya watse, domin waɗanda suka ɗauki ranaku ba su fito ba, mu kuma da muka yi Oktoba ƙarfinmu ya ƙare. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 3 na fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta. Akwai mata 2 da suka same mu a keɓe bayan zaman farko suna neman inda za su kai kuka. Mun haɗa su da masu iya taimaka musu, amma na kwana ina tunanin nawa ne za su zo da an yi sauran ranakun.

A zaman Janairu kwamitin gudanarwa zai kawo shawarar a tsaftace rajista, a tuntuɓi duk wanda ya shekara bai zo ba bai kuma biya ba, a ji ko yana nan tare da mu. Duk wanda ke riƙe da sashen fassara ya kawo shi ranar, ko ya gama ko bai gama ba, a ba wani. Za a kuma zaɓi mataimakiyar sakatariya, domin ni kaɗai ba zan iya haɗa rubutu da bin kuɗi a shekara mai zuwa ba. Katunan igiyar suna wurina, makarantu 2 sun nemi a kai musu kafin 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ina neman mutum 3 da za su raka ni.

Wassalam,
Sakatariya