A biya kuɗin tallafi a kan itacen da ya rayu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi tsokaci kan kuɗaɗen da ake kawowa Arewa da sunan dashen itatuwa, raya lambuna da yaƙi da kwararowar hamada. Kuɗin ba kaɗan ba ne. A watan Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Jama'a da dama na ɗaukar kuɗin nan kyauta ne, alhali rance ne mai sauƙin sharaɗi, kuma akwai ranar biya. Kafin shi mun ga shirye-shiryen Fadama kashi uku, mun ga hukumar ganuwar itatuwa da aka kafa da doka a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi har Borno.

Ita ganuwar, wato dogon shingen itatuwa don tare hamada, Tarayyar Afirka ce ta amince da ita a 2007, za ta tashi daga Senegal ta dangana da Jibuti. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna abin da aka farfaɗo a yankin da aka shata bai wuce kimanin hekta miliyan huɗu ba, cikin miliyan 100 da aka yi alkawari.

A ganina matsalar tana ga abin da kuɗin ke biya. Akwai kuɗin sayen dashe, da na mota, da na rumfa da kujerun ranar ƙaddamarwa. Ana dasawa a watan Agusta ƙasa na da danshi, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an dasa dubu kaza. To amma ruwa yana ɗaukewa wajen Oktoba, daga nan sai wata bakwai ko takwas babu ko ɗigo. Wa zai yi ban ruwa? Wa zai kori akuya idan an saki dabbobi bayan kaka? Ga gara, ga zafin bazara. Idan babu wanda aka ɗora wa wannan aiki kuma aka biya shi, kafin damina ta zagayo sai dai a tarar da ramuka. Wata shekarar a sake sayen dashe, wani lokaci ma a zuba shi cikin ramukan bara.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanya. A farkon shekarun 1980 an yi ta dashe a yankin Maraɗi yana mutuwa, har wani ma'aikacin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da ake sarewa lokacin sharar gona yana fitowa ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke da rai. Manoma suka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi, su datse sauran, su raine su. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta buƙatar a ɗauko mata ruwa. Da aka sassauta dokar daji, manomi ya san itacen da ya raina a gonarsa shi zai ci moriyarsa, sai abin ya bazu. An ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram, kuma gawo na da yawa a ciki, wanda ke kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Kalgo da sabara da gawo duk muna da su a Jigawa da Katsina da Zamfara, muna ƙone su da hannunmu duk shekara.

Sai kuma masu lambu. Mai noman rani a fadama kullum yana bakin ruwa, don haka shi ya fi cancanta a ba wa dashen mangwaro, gwaiba, lemo da zogale, tare da shinge da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, tunda fetur ya fi ƙarfin ƙaramin manomi tun da aka cire tallafinsa a 2023. Amma yadda ake neman tallafin, da fom na Turanci a intanet da takardar rajistar ƙungiya da asusun banki, mai albasa da tattasai ba ya kaiwa gare shi. Ƙungiyoyin da ba su da komai sai hatimi da takarda su ke riga shi.

Shawarata ita ce a raba biyan gida biyu: kaɗan ranar dashe, mafi tsoka bayan itacen ya tsallake rani biyu, a ƙirga shi a gaban mai unguwa da manoman wurin. A kuma manna sunayen ƙungiyoyin da suka karɓi kuɗi a ƙofar gidan dagaci, a karanta su a rediyo da Hausa.

Kai kuma Malam Edita, don Allah wakilanka da ke halartar bikin dashe a watan Agusta, ka sake tura su wuraren a watan Afrilu su ƙirgo mana abin da ya rage a tsaye.

Naka,
Wani mai lambu daga jihar Jigawa