Yayana ya hana ni gadona in je gwajin maganin ciwon baya

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Tun jiya da aka tashi zama a gidan Hajiyarmu ban runtsa ba.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara 6 ke nan ina fama da ciwon baya, nan ƙasan ƙugu. Dilar atamfa na ɗaga wata rana da yaran shago ba sa nan, na ji wani abu ya ce ƙas. Na yi gashi, an yi min allurai, na je wajen masu ɗori, har Indiya na je aka yi min aiki, ciwon yana nan. A kan kujera nake sallah. 'Yata mai shekara 3 ta miƙo hannu in ɗauke ta, sai dai in shafa kanta.

Yaya ya san duk wannan, amma a gaban ƙannenmu ya ce son jiki ne ke damuna.

Abin da ya kawo maganar shi ne likitana na can ya ce akwai wata na'ura. Siririyar waya ake zurawa ta cikin allura a ajiye kusa da laka, tana sakin lantarki kaɗan-kaɗan don ta dagula saƙon ciwo kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ba a dasa ta kai tsaye. Gwaji ake fara yi na kamar mako guda, batirin yana waje a jikin ƙugu. In ciwon ya ragu da rabi, sai a dasa batirin ƙarƙashin fata, in bai ragu ba a zare wayar. Ba sabon abu ba ne, tun 1967 aka fara a Amurka. Gwajin kawai nake so, Malam, mako guda.

Shi ya sa na nemi a sayar da gidan mahaifinmu na Gwammaja a ba ni kasona. Yaya ke riƙe da takardu, shi ke karɓar kuɗin haya, bai taɓa nuna wa kowa lissafi ba. Kuma ni na yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ba gori nake ba. Sai ya zo da ɗansa mai karatun likita, yaron da na goya, yana karanto min daga waya wai a 2022 an gwada a Norway kan mutum 50, da na'urar tana aiki da tana kashe ba a ga bambanci ba. Wai wayar tana iya gocewa, wurin yana iya ruɓewa, ga cajin batiri a garin da wuta ba ta zama. Ban ce yaron ƙarya ya yi ba, maganar ta tsaya min a rai. Amma ba tausayina ya sa ubansa ya kawo shi ba.

Na ɗaga murya, na yarda. Na ce zan kai shi kotu a raba gado. Hajiya ta fashe da kuka ta shige ɗaki, yau na kira sau 4 ba ta ɗauka ba.

Malam, in na kai ƙarar, na saɓa wa mahaifiyata? In kuma aka sayar da gidan, na je gwajin bai yi ba, da wane ido zan kalle ta? Yaya zan yi ta ɗauki wayata?