Rahoton Kwamitin Gyaran Zauren Karatu da Rijiyar Marigayiya Inna, Garwa

Assalamu alaikum. Muna sanar da dangi na Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena cewa aikin da kuka ɗora mana ya kammala, alhamdulillahi.

Da farko ra'ayi ya rabu. Wasu jikoki sun so a gina sabon masallaci da sunanta, amma dattawa suka ce unguwa ba ta rasa masallaci ba, abin da Inna ta bari ne ke lalacewa. Gaskiyarsu ce. Da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da take kaiwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi ta haƙa rijiyar nan, ta kuma ta da zauren da matan aure ke karatu bayan la'asar. Ita ke riƙe adashen unguwa, ita ake tasa tsakar dare idan haihuwa ta zo ko za a yi wa mace wankan gawa. Ba ta taɓa yarda a sa wa rijiyar kwaɗo ba; Bafillace da Kirista duk da guganta suke ja. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

Bangon gabas na zauren ya tsage tun ruwan 2012, gara kuma ta cinye azara. Mun rushe shi, muka sake shi da bulo da simintin Figil, aka yi sabon rufin kwano da silin, don zafin Garwa a watan Afrilu ba ya barin kowa zama ƙarƙashin kwano tsirara. Rijiyar an yashe ta, an ɗaga bakinta, an yi mata murfi da dakalin wanki. Darbejiyar da ta shuka ta so ta jawo gardama, domin magini ya ce saiwarta za ta fasa tushen gini. Mun gwammace mu janye bangon kaɗan, itacen ya tsaya.

Jikoki mata su suka ɗauki nauyin jan ruwan kwaɓa da abincin leburori, ba su karɓi ko sisi ba.

Littafin shiga da fitar kuɗi da rasitai suna hannun ma'aji, duk mai son dubawa ya zo. Saura ƙofar banɗaki da tabarmi. Waɗanda suka yi alkawari ba su cika ba, a taimaka a turo kafin damina ta faɗi.