Wasiƙa zuwa Fatakwal: abin da aka gani a cikin kwalbar

Katsina, daren Laraba.

Mutumina Bahaɗeje,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwan saman garinku da ba ya gajiya? Na ga kiranka har sau uku ban ɗauka ba. Kada ka ce girman kan Katsinawa ne, bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na zauna rubutawa.

Ka san an yi mini aikin afendis, wato cire 'yar jelar nan da ke jikin babban hanji, bayan ƙaramar Sallah. Ciwon ya fara daga cibiya ya gangara gefen dama, ga amai ga zazzaɓi, ni kuwa ina ta jiƙa kanwa ina ɗora laifin a kan ɗanwaken Ƙofar Ƙaura. To ga abin da ban gaya maka ba. Ranar aikin an miƙo wa Auta wata 'yar kwalba, abin da aka yanke yana ciki da ruwan magani, aka ce a kai ɗakin gwaji. Da na farfaɗo na ji kuɗin, cewa na yi a haƙa rami a binne. Yaron nan ya yi kunnen uwar shegu, ya je ya biya da kuɗinsa.

Sati uku sakamako ya fito. Ciwon daji. Ashe an rabu da Bukar ne an haifi Habu.

Wallahi ban ji sauran bayanin ba, ina ta kallon biron likita, sai da ya maimaita. Ya ce a cikin mutum 100 da aka cire wa afendis akan samu kamar mutum 1 da irin wannan, kuma yawanci sai a gwaji ake ganewa. Nawa ɗan ƙari ne a can ƙarshen afendis ɗin, bai kai santimita 1 ba, ƙwayar gyaɗa ma ta fi shi, kuma irin mai tafiyar hawainiya ne. Irin wannan, cirewar da aka yi takan wadatar. Da ya haura santimita 2 da sai an sake buɗe ni an yanke ɓangaren dama na babban hanji. Duk da haka zan yi hoton ciki ranar Litinin. Ina jin ka daga nan kana cewa tumbina ba zai shiga injin ba. Ka rage santi, na zabge.

Af, Malam Dogo ya ƙara aure, yana can yana rina gemu. Kuɗin ankon da ka ce za ka turo har yau shiru.

Abin da ke hana ni barci Hajiya ce. Ban faɗa mata ba. Tun rasuwar Inna, da ta ji an ce "daji" sai ta fara lissafin likkafani, ga hawan jini. Uwargida ta ce a bari sai hoton ya fito, Auta ya ce ɓoyewar ta fi muni, domin gidanmu ba a riƙe magana. Jiya Hajiyar ta aiko mini da kunun tsamiya da ruwan Zamzam, wai na rame. Kai tana jin maganarka, ya kake gani?

Ka sa ni a addu'a. In za ka kira, bari sai bayan Isha'i, lokacin yara sun kwanta.

Naka,
Bakatsinen da ya fi ƙarfinka